Yadda za ka koyi saita agogon kwamfuta da na netwok daidai, da inda ilimin yake a intanet

Abin da ya jefa ni cikin wannan harkar wata sata ce da aka yi a wani shagon waya da nake musu aikin kamara da netwok. Da safe muka zauna duba bidiyo, na'urar da ke naɗar kamarorin waje ta ce mutumin ya shigo layin ƙarfe 2:10 na dare, ta cikin shago ta ce an buɗe ƙofa 1:59, wato an buɗe ƙofar tun kafin ya iso kenan, ita kuma kwamfutar kanta da muka kunna sai ta nuna mana wata shekara can baya saboda batirin agogonta ya mutu kuma an ɗauke wuta cikin dare. Mai shagon ya dube ni ya ce, Malam, to wanne ne gaskiya a ciki? Wallahi ban da amsa. Kwana biyu muka yi muna haɗa hotuna da hannu. Tun daga ranar na ɗauki agogo da muhimmanci, kuma abin da na gane shi ne ilimin nan kyauta yake a intanet, matsalar sabon shiga kawai ita ce yana faɗawa tsakiya, ya ga ana maganar agogon atom da nanosakan sai ya karaya ko kuma ya je ya sayo kayan da bai san me zai yi da su ba. Ni shawarata ka fara da awo, kar ka sayi komai sai ka iya karanta abin da kwamfutarka take gaya maka.

To mataki na farko, ka san me ya sa agogon yake kaucewa tun asali. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan dutse mai kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya, shi ne yake riƙe lokaci idan an kashe ta, da taimakon wannan batirin mai kama da kwabo, CR2032. Dutsen ba ya kaɗawa daidai cif, zafi da sanyi suna canza shi. Ana auna kuskurensa da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan, kuma ka riƙe wannan lissafin don za ka yi ta cin karo da shi: ppm 1 yana nufin sakan 0.0864 a rana, ppm 20 kuma wajen sakan 1.7 a rana, a wata ɗaya ka ga an doshi minti guda. Na'ura biyu, ɗaya tana gudu ɗaya tana jan ƙafa, a bar su shekara ba mai kula, ai ka ga inda minti goma sha ɗayanmu ya fito. Kuma ba maganar kamara kaɗai ba ce, lambobin sirri na Google Authenticator duk sakan 30 suke canzawa kuma da agogo ake lissafa su, a ofis mai amfani da Active Directory, tsarin Microsoft na kula da shigar ma'aikata kwamfutoci, idan agogonka ya bambanta da na saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, da fiye da minti 5 ba za ka iya shiga ba, burauza ma tana ƙin buɗe shafuka idan kwanan wata ya koma baya.

Kafin ka taɓa komai ka buɗe shafin time.is a waya ko kwamfuta, nan take zai gaya maka agogonka yana gaba ko yana baya da sakan nawa. Awo ne na sama-sama amma ya isa ya buɗe maka ido.

Sai mataki na biyu, ka raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa, lokaci daban yankin lokaci daban. Kwamfutoci a tsakaninsu da UTC suke magana, shi ne lokacin duniya, yankin lokaci kuma ƙari ne kawai da ake yi wajen nuna maka. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi awa ɗaya suke gaban UTC, Ghana daidai take da shi, Sudan awa biyu. Na sha ganin wanda ya bar na'ura a yankin China yadda ta zo daga kamfani ya gyara awannin da hannu, a ido agogon daidai yake amma a ciki ya kauce da awa bakwai, ranar da ya kunna saitin intanet sai komai ya hargitse ya ce saitin ne bai da kyau. Ka zaɓi Africa/Lagos ko Africa/Niamey tukuna. Shi kuma UTC ɗin hukumar BIPM da ke kusa da birnin Paris a Faransa ce take haɗa shi daga ɗaruruwan agogunan atom na ƙasashe, kuma tun 1967 ma'anar sakan ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta atom ɗin siziyom. Shafin BIPM da na NIST, hukumar awo ta Amurka, suna da bayanin wannan cikin sauƙi, ka karanta sau ɗaya ka wuce, ba nan aikin yake ba.

Aikin yana mataki na uku, fahimtar NTP, a nan nake so ka zauna sosai. NTP ita ce ƙa'idar da kwamfutoci suke tambayar juna lokaci da ita, David Mills na jami'ar Delaware ne ya ƙirƙiro ta, takardarta ta farko ta fito 1985, shi kuma ya rasu a Janairun 2024. Wadda ake amfani da ita yanzu ita ce ta huɗu, takardar bayaninta ita ce RFC 5905 ta shekarar 2010, tana bi ta ƙofa mai lamba 123 ta UDP. Tsarinta kamar isnadi ne, wane ya ji daga wane. Agogon atom ko na GPS shi ne tushe, ana ce masa stratum 0, kwamfutar da ke jone da shi kai tsaye stratum 1, wadda ta ji daga gare ta stratum 2, haka har 15, idan ka ga 16 to na'urar tana cewa ita ma ba ta san lokaci ba. Amma fa ƙaramar lamba ba ita ce inganci ba, stratum 2 da ke kusa da kai ta fi maka stratum 1 da ke wata nahiya, ga dalili.

Kwamfutarka tana tura tambaya ta rubuta lokacin da ta tura, saba ta rubuta lokacin da ta karɓa da lokacin da ta mayar, kwamfutarka ta rubuta lokacin da amsa ta iso. Lamba huɗu kenan. A ce ka tura a 0, saba ta ce ta karɓa a milisakan 140 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) ta mayar a 141, kai kuma amsa ta same ka a 81 bisa agogonka. Tafiya da dawowa ta ci 81 a cire 1 da saba ta riƙe, saura 80. Bambancin agogo kuma sai a haɗa 140 da 60, wato 141 a cire 81, a raba biyu, ya ba da 100, agogonka yana baya da milisakan 100. Ka ɗauki biro ka yi lissafin nan da kanka sau biyu, duk NTP a kansa take zaune. Kuma za ka lura da raunin da ke ciki, lissafin ya ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne, 40 da 40, alhali a datar waya turawa takan fi saukowa jinkiri nesa ba kusa ba. Idan hanyar ta karkace kuskuren zai iya kai rabin dukkan jinkirin, kuma ba yadda za a yi kwamfutar ta gane. Shi ya sa kusanci yake da daraja, shi ya sa kuma duk wanda ya ce maka yana samun daidaiton mikrosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ta kan MiFi bai auna da kyau ba. Ta intanet abin da za ka sa rai shi ne 'yan milisakan zuwa gomomi, a cikin netwok na gida ta kebul kuma ƙasa da milisakan ɗaya.

Ita RFC 5905 ɗin kar ka ce za ka karance ta yanzu, tana da nauyi, ka duba sashen da ya yi bayanin lambobi huɗun nan kawai a shafin rfc-editor.org ka ajiye sauran sai gaba.

Mataki na huɗu, hannu a kan na'ura. Idan Windows gare ka, buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta:

w32tm /stripchart /computer:pool.ntp.org /samples:5 /dataonly

Zai nuna maka bambancin agogonka da na saba sau biyar ba tare da ya canza komai ba. Sannan w32tm /query /status zai gaya maka daga ina take karɓar lokaci da yaushe rabonta da saitawa, idan ka ga Local CMOS Clock a wurin tushe to ba ta jin kowa sai batirinta. Amma gaskiya idan koyo kake so ka samu Linux, ko tsohuwar laftof ce ka sa mata Ubuntu ko Debian, don a can ne za ka ga cikin abin. Rubuta timedatectl ka ga halin da ake ciki, sannan ka sa chrony, manhajar da ke saita agogo ta NTP:

sudo apt install chrony

Na zaɓi chrony a kan tsohuwar ntpd ne saboda an gina ta don na'urar da intanet ɗinta yake zuwa yana ɗaukewa kuma ake kashe ta ana kunnawa, wanda halin da yawancinmu muke ciki kenan. Fayil ɗin saitinta yana /etc/chrony/chrony.conf a Ubuntu da Debian, a Fedora kuma /etc/chrony.conf. Layukan da suka fi muhimmanci su ne:

pool africa.pool.ntp.org iburst maxsources 4
makestep 1.0 3
rtcsync

Na farko yana cewa ta nemo saba huɗu daga rukunin Afirka, iburst kuma ta yi tambayoyin farko da sauri. Na biyu yana ba ta izinin tsallaka agogo gaba ɗaya idan kuskuren ya wuce sakan 1, amma a gyara ukun farko kawai, bayan nan sai dai ta riƙa jan shi a hankali, saboda tsallen agogo musamman zuwa baya yana rikita rumbun bayanai. Na uku yana sa a riƙa gyara agogon batirin shi ma. Shi pool.ntp.org taron sabobi ne na 'yan sa kai da ya faro tun 2003, shafinsu ntppool.org yana nuna yawan sabobin kowace nahiya, kuma za ka ga na Afirka kaɗan ne, wani lokaci ma ta Turai ta fi kusa da kai a hanyar kebul fiye da ta wata ƙasar Afirka. To kar ka yarda da suna, ka gwada europe.pool.ntp.org ma ka kwatanta jinkirin.

Me ya sa saba huɗu? Shaida ɗaya idan ya yi kuskure ba ka da yadda za ka sani, biyu idan suka saɓa ba ka san wa za ka bi ba, uku za a iya fitar da mai kuskure, na huɗun kuma saboda ranar da ɗaya ya ɓace.

Bayan ka sake tayar da ita da sudo systemctl restart chrony sai ka koyi karatun umarni biyu, wannan shi ne mataki na biyar kuma ina roƙonka ka ba shi sati guda cur. Na farko chronyc sources -v. Alamar ^* ita ce sabar da aka zaɓa, ^+ waɗanda ake haɗawa da ita, ^- an yarda da su amma ba a amfani da su yanzu, ^? ba a samu amsa ba, ^x kuma an kama ta da saɓa wa sauran. A ƙarƙashin Reach kana son ganin 377, ma'ana tambayoyi takwas na ƙarshe duk an amsa, idan kana ganin 0 a ko'ina to wata katangar tsaro ta toshe ƙofa 123 ko kamfanin intanet ɗin ne. Poll idan ya nuna 6 duk sakan 64 ake tambaya, idan 10 duk sakan 1024, kuma hawansa alama ce ta cewa agogon ya natsu. Na biyu chronyc tracking, a nan System time yake nuna kuskuren yanzu, Frequency kuma shi ne ppm ɗin agogon da kwamfutarka take tafiya da shi idan tana kunne. Ni na fi son wannan layin, ka duba shi da asuba ka sake dubawa da azahar lokacin da ɗaki ya ɗau zafi, za ka ga lambar ta motsa, da idonka kana ganin zafin rana yana taɓa agogo. Idan kana son tarihi ka ƙara layin log tracking measurements statistics, za ta riƙa rubutawa a /var/log/chrony. Duk abin da ya ɗaure maka kai a nan, shafin tambayoyi da amsoshi na chrony-project.org ya fi duk wani bidiyo da na taɓa kallo, waɗanda suka rubuta manhajar ne suka rubuta shi.

Wani abu da zai iya cizonka, kar ka haɗa time.google.com da sabobin pool a fayil ɗaya. Dalili shi ne sakan na ƙari da ake sakawa a UTC saboda juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atom, sau 27 aka yi haka tun 1972, na ƙarshe ranar 31 ga Disamba 2016. Google ba ya saka sakan ɗin lokaci guda, yana shafa shi ne a kan awa 24, to a wannan ranar shi da sauran za su saɓa. A 2022 an yanke shawarar daina wannan ƙarin zuwa 2035, amma kafin nan ka zaɓi ɓangare ɗaya. Idan kuma kana son tabbacin ba wanda ya sauya amsar a hanya akwai NTS, chrony daga siga ta 4.0 tana yi, layi ɗaya ne: server time.cloudflare.com iburst nts, sai dai ƙofa 4460 ta TCP ta kasance a buɗe.

Mataki na shida shi ne wanda da na san shi da ba mu sha wahalar shagon nan ba: na'ura ɗaya ta zama sabar gida, sauran duk su ji daga gare ta. Ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, ka ƙara mata wannan a fayil ɗin chrony:

allow 192.168.1.0/24
local stratum 10

Ka canza lambobin su dace da naka netwok ɗin. Layi na biyu yana sa ta ci gaba da ba da lokaci ko intanet ya yanke, ko da ta ɗan kauce aƙalla kowa ya kauce tare, kuma ga mai haɗa bidiyon kamara biyu wannan shi ne abin nema. Sai ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, na'urar kamara, ruta, na'urar ɗaukar yatsan ma'aikata, kusan duk suna da wurin rubuta adireshin NTP a saitin lokaci, ka sa adireshin sabarka, kuma chronyc clients zai nuna maka waɗanda suke zuwa tambaya da gaske. Ka ɗora sabar a kan inbata ko UPS. Kar ka buɗe ta ga duk duniya ba tare da ka san me kake yi ba, a 2013 da 2014 an yi amfani da sabobin NTP da aka bari sakaka wajen kai manyan hare-hare ta wani umarni da ake kira monlist. Haka nan kar ka matsa wa sabobin jama'a da tambaya, NIST ta ce kar a wuce sau ɗaya a sakan 4, kai da ma ba ka buƙatar ko kusa da haka.

Sai ka yi duk wannan ne nake ganin ya dace ka kashe kuɗi, mataki na bakwai, ka gina stratum 1 taka. Taurarin GPS suna ɗauke da agogon atom kuma siginarsu kyauta ce, ba ruwanta da data. Kana buƙatar Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, da ƙaramin allon GPS irin na u-blox, NEO-6M ko NEO-M8, da eriyar da za ta ga sama. Wajen saye ka duba da kyau allon yana da ƙafar da aka rubuta PPS, wasu masu arha ƙafa huɗu kawai gare su ba su fito da ita ba. PPS bugu ne guda ɗaya a farkon kowane sakan, mai kaifi sosai, amma ba ya faɗin wane sakan ne, bayanan da ke zuwa ta ɗaya wayar su suke faɗin ƙarfe nawa amma suna makara. Kamar mai ganga ne da mai shela, dole a haɗa su. Ka jona PPS a GPIO18, wato ƙafa ta 12 a jikin Pi ɗin, ka sa dtoverlay=pps-gpio,gpiopin=18 a cikin config.txt, ka shiga raspi-config ka kashe shiga ta siriyal amma ka bar ƙofar siriyal ɗin a kunne, ka sa gpsd, manhajar da ke karanta bayanan GPS, da pps-tools, ka sake kunnawa. Umarnin sudo ppstest /dev/pps0 ya kamata ya riƙa fito da layi ɗaya duk sakan, cgps -s kuma ya nuna taurarin da aka kama. Idan shiru, kafin ka zargi saiti ka fitar da eriyar waje, rufin kwano yana tare siginar, ni sai da na liƙa tawa a bakin taga sannan fitilar allon ta fara ƙyaftawa. A saitin gpsd ka sa -n don ta fara aiki ba sai an tambaye ta ba, sannan a chrony:

refclock SHM 0 refid NMEA offset 0.2 noselect
refclock PPS /dev/pps0 refid PPS lock NMEA

Wannan 0.2 ɗin kintace ne na makarar bayanan, ka duba chronyc sourcestats bayan awa ɗaya ka gyara shi daidai da naka allon. Ranar da ka ga #* a gaban PPS to ka shiga duniyar mikrosakan. Ka bar sabobin intanet a fayil ɗin su zama masu sa ido, don tsofaffin allunan GPS suna da matsalar lissafin mako da ke komawa sifili duk mako 1024, ya faru a Afrilun 2019, wasu suka koma ba da kwanan watan kusan shekara 20 baya. Kuma Pi 4 da na ƙasa da shi ba su da agogon batir, idan wuta ta ɗauke suna tashi ba su san ranar ba, ɗan allon DS3231 yana maganin wannan. A wannan matakin bayanin da ke shafin gpsd kan hidimar lokaci da shafukan satsignal.eu kan Raspberry Pi su ne za su riƙe hannunka.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan aikinka ya shafi tashoshin sadarwa ko wutar lantarki ko situdiyo za ka ji ana maganar PTP, wato IEEE 1588, wadda take kai ƙasa da mikrosakan amma sai katin netwok ɗin ya iya buga lokaci da kansa, ka gwada ethtool -T eth0 ka gani kafin ka je shafin linuxptp. Idan kuma son abin ne ya kama ka, ka je leapsecond.com, shafin wani mai tara agogunan atom a gidansa wanda ya taɓa ɗaukar su a mota ya hau dutse da 'ya'yansa don ya auna yadda tsayi yake canza gudun lokaci, a can za ka fara cin karo da ma'aunin Allan da ake gwada natsuwar agogo da shi. Fayilolin da chrony ta tara maka a /var/log/chrony tun mataki na biyar su ne kayan gwajinka na farko, ka buɗe tracking.log a Excel ka zana layin Freq na sati guda, ka sa shi gefe da awannin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya.